Goge ko fenti: wanne ya fi wa rim ɗin mashin?

Ɗan'uwa, na karanta tambayarka. Ka ce mashin biyu ne a gidanka a Pantami: Haojue mai rim ɗin alminiyam da kake zuwa aiki da shi, wanda ya dushe har ya fara fitar da farin tabo kamar ƙyasbi, da kuma Boxer mai sifok, wato siraran wayoyin nan na tsakiyar ƙafa, da yaronka yake acaɓa da shi, wanda tsatsa ta fara ci. Wasu sun ce ka goge, wasu sun ce ka kai a fesa fenti, kai kuma so kake ka san wanda kwalliya za ta biya kuɗin sabulu.

Kafin ka saurari kowa, har da ni, nemo maganaɗisu, ko na tsohuwar lasifika ne, ka kara shi a jikin kowane rim. In ya kama, ƙarfe ne. In ya faɗo, alminiyam ne. Rabin gardamar da ake yi a kan wannan magana daga nan take, domin wanda ya ce goge da wanda ya ce fenti sau da yawa ba ƙafa iri ɗaya suke nufi ba.

Bari mu fara da Boxer, shi ne mai sauƙi. Ƙyallin da kake gani a rim mai sifok ba na ƙarfen ba ne, riga ce aka sa masa a kamfani: ruwan nikel a ƙasa, sannan ruwan kurom a sama, kuma na saman nan bai kai kaurin gashin kai ba, nesa ba kusa ba. Tsatsar da ke fitowa ɗigo-ɗigo daga ƙarfen ƙasa take ɓullowa ta 'yan ƙananan ƙofofi. Muddin ɗigo-ɗigo ce kawai, goge ne maganinta. Samu takardar alminiyam ɗin nan da ake naɗe kifi ko kaza da ita, ka dunƙule, ka tsoma a ruwa ka riƙa cuɗawa. Ta fi kurom taushi, saboda haka tana ɗauke tsatsar ba tare da ta karce shi ba. Ka share, ka bi da Autosol ko wani man goge ƙarfe, ka ɗan shafa kakin mota. Aikin yamma ɗaya ne. Abin da ba za ka yi ba shi ne ka ba yaro samfefa ko soson ƙarfe na wanke tukunya ka ce ya dirje. Zai fito fes ranar, bayan ruwan sama biyu kuma ya koma ja gaba ɗaya, don an cire masa rigar. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

In kuwa kurom ya riga ya fara ɓarewa kamar ɓawon ƙwai, ko ka sa farce ka ji ramuka, to goge ya ƙare, babu abin da ya rage da zai yi ƙyalli. Nan fenti ke shigowa. Amma fenti ba ya zama a kan kurom mai santsi, kuma wannan da kuɗina na koye shi. Shekarun baya na sayi gwangwanin baƙin fenti guda biyu, na jingina mashin a bangon gida na fesa a kan rim yadda yake, ko tayar ban cire ba. Kwana uku ina jin kaina. Kafin sati biyu ya cika yarana suna ɓare shi da farce kamar leda. Sai an dirje rim ɗin da samfefa mai kaushi, mai lamba 180 zuwa 240, har duk santsin ya mutu tsatsar ta fita, a wanke da tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, a sa firaima mai hana tsatsa, irin jan nan da masu walda ke shafa wa ƙofa, sannan launi ya hau. Ka tuna kuma irin waɗannan ƙafafu galibi sifok 36 ne, kowanne da ɗan kansa da ake juyawa in za a miƙar da ƙafa. In fenti ya cika kawunan, ranar da ƙafa ta karkace a ramukan hanyar Dukku, mai gyara zai sha wuya, fentin ma ya farfashe. Tunda za a cire taya, ɗaga robar da ke kwance a cikin rim ka duba. Can ruwan damina yake kwanciya, kuma tsatsar can ce ke huda tub ana ta zargin ƙusa. In ta ci zurfi a gindin sifok, kada ka ɓata kuɗin fenti, sabon rim za ka saya. Mashin ɗin haya ne, rayukan mutane yake ɗauka.

To, Haojue. A nan ne zaɓin yake da gaske, don alminiyam yana karɓar goge yana karɓar fenti.

Alminiyam ba ya jan tsatsa. Abin da yake yi shi ne, da iska ta taɓa shi sai ya yi wa kansa wata 'yar fata, ita ce take dusar da shi. Shi ya sa kamfani ke rufe shi da fenti, ko da kiliya, wato fentin nan marar launi mai kama da ruwa. Farin tabon da kake gani galibi inda tsakuwa ta fasa kiliyar ne, ruwa ya shiga ƙarƙashi yana ci. Gwada da farin ƙyalle: ɗiga man goge ka cuɗa wuri ɗaya. In ƙyallen ya yi baƙi, a kan alminiyam tsirara kake. In bai yi ba, akwai kiliya, kuma ko kwana za ka yi kana goga ba za ka ga komai ba sai an cire ta.

Goge na gaskiya aikin hannu ne da haƙuri. Bayan an cire kiliya, ana bin samfefar ruwa daki-daki: 400, sannan 600, 800, 1000, 1500, har 2000, ana yi ana zuba ruwa. Kowace lamba aikinta ta share zanen da ta baya ta bari, saboda haka in ka tsallake daga 400 zuwa 1500 don sauri, zanen zai fito ɓaro-ɓaro ranar da ƙyalli ya zo. Daga nan sai man goge da tsumma mai laushi, ko injin hannu mai faifan ƙyalle in kana da mai ara maka. Bakin rim, wato zoben da ke kusa da taya, yana da sauƙi don santsi ne tun daga kamfani. Amma hannuwan tsakiya zubi ne, fatarsu gurje-gurje take da lunguna, sai an fara da 220 ko 320, kuma nan ne yatsu ke yin kanta. Ƙafa ɗaya tana iya cinye maka yini cur. Kuɗin kaya kaɗan ne. In ya kammala kuwa, wallahi babu fentin da zai kama ƙafarsa, kana iya duba fuskarka a ciki.

Matsalar ita ce ƙyallin ba ya zama da kansa. Ka tuɓe wa ƙarfen riga, ka sake shi a garin Gombe. Da rani ga yashi da ƙurar hunturu, da damina ga ruwan da ke gangarowa daga tudu yana kwasar laka yana shimfiɗawa a kan titi. Duk sati biyu ko uku sai ka zauna da tsumma da man goge, in ba haka ba ya koma toka-toka. Wurin wanki ma sai ka tsaya a kai. Garin sabulu mai ƙarfi yana dusar da alminiyam tsirara in aka bar shi ya bushe a jiki, soda kuwa, irin wadda ake haɗa sabulu da ita, cin sa take yi kai tsaye. Mai fita ƙarfe bakwai na safe ya dawo bayan magariba ya tambayi kansa ko yana da wannan lokacin.

Fenti kuma wahalarsa a farko take, in an yi shi daidai sai wanki kawai. Kalmar "daidai" ɗin ce mai tsada. A cire ƙafa, a cire taya, a wanke maiƙon sarƙa tas, musamman ƙafar baya, don ko ɗigon mai ne ya rage fenti zai buɗe ido a wurin. A dirje da 320 ko 400. Firaimar alminiyam daban take da ta ƙarfe, akwai wadda ke da ɗan asid a ciki da ke cizon alminiyam ɗin ta riƙe, ita za ka ce a sa. A rufe ramin boris, da cikin duram inda birki ke kamawa, da inda faifan birki ke zama in mai faifai ne, da tef ɗin takarda. Fenti a cikin duram ba ado ba ne, hatsari ne. Sannan feshi siriri-siriri sau biyu ko uku, hannu nesa da ƙarfe kamar santimita 20 zuwa 25, ana ba da minti 10 zuwa 15 tsakani, a rufe da kiliya.

Shi kansa fentin iri uku ne, kuma araha ba ta ado. Na gwangwani iska ce kawai ke busar da shi, fetur ya zuba a kai sai ya yi laushi ya yi tabo. Wanda masu fentin mota ke haɗawa da hadna, wato sinadarin da ke daskarar da fenti, su fesa da kwamfuresa, da suke kira 2K, shi daskarewa yake yi, yana jure fetur da rana. In na ce ka yi fenti, wannan nake nufi. Hadnar tana da illa ga huhu, don haka ba aikin tsakar gida ba ne inda yara ke wasa, kuma in ka ga mai feshin ya ɗaura hankici kawai a hanci, ka yi masa nasiha don Allah. Man birki na mashin mai faifai yana cin fenti, in ya ɗiga a wanke da ruwa nan take. Akwai na uku, fentin hoda da ake fesawa da lantarki a gasa a tanda mai zafin digiri 180 zuwa 200. Ya fi duka ƙarko, amma sai wurin da ke da tandar, kuma dole a fitar da boris da duk wata roba kafin a gasa.

Lokaci ma yana da nasa. A tsakiyar damina, kamar Agusta, laimar iska tana sa kiliya ta yi hazo kamar an zuba madara. A hunturu fenti yana bushewa da kyau amma ƙura na manne masa. A Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke taɓa digiri 40, in aka bar rim a rana ya gasu, fenti yana bushewa kafin ya kwanta, sai ya fito da kaushi. A yi feshin da safe a inuwa, a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Kuma a bar shi kwanaki, sati ma in ka iya hawa keke-napep, kafin a mayar da taya. Yawancin aikin da ke lalacewa a nan yake lalacewa, mai mashin yana tsaye yana cewa yana sauri.

Sai abin da masu ba ka shawarar fenti ba su faɗa maka ba: mai faci. Mu nan da ƙarafa ake fitar da taya, a soka a bakin rim a danna. Duk kyan fentinka, faci biyu sun isa su ɓantare bakin, kuma fentin da ya ɓantare ba ya gyaruwa ya koma yadda yake sai an sake. Bakin da aka goge kuwa in ƙarfe ya karce shi, samfefa 800 zuwa sama da ɗan man goge sun share zancen cikin rabin awa. Ka ga ke nan kowanne yana da wurin da ya fi ƙarfi: goge ya fi a baki, inda yake da sauƙin yi da sauƙin gyara, fenti ya fi a tsakiya, inda lunguna suke da maiƙo da ƙurar birki.

Saboda haka da Haojue ɗin nawa ne, raba shi zan yi. Hannuwan tsakiya baƙin 2K ko ruwan toka, zoben baki a goge shi. A fara da gogen, a rufe shi da tef, sannan a yi fenti. Abin da zai rage maka na kulawa zobe ne mai faɗin yatsa biyu, minti goma ranar Asabar. Ruwan toka ya fi ɓoye ƙura, baƙi mai sheƙi kuwa kafin ka kai Jekadafari ya yi buɗu-buɗu, amma wannan ganin ido ne, zaɓi naka.

Abu ɗaya kafin firaima ta hau: lokacin da rim yake tsirara, kai shi rana ka duba gindin hannuwa da kewayen hob, wato cibiyar ƙafa, da kyau. Alminiyam na zubi tsagewa yake yi in ya daki rami, kuma fenti yana rufe tsaga ruf. Dillalan mashin sun san haka, shi ya sa in suka ga sabon fenti a tsohon rim sai su fara shafa shi da hannu suna neman walda, su rage maka kuɗi. In akwai niyyar sayarwa nan kusa, ɗauki hoton rim ɗin kafin a fesa ka ajiye a waya.

In kuma duk da haka ka fi son fenti har baki, yanko guntun tsohon tiyo ko tsohon tub ka ajiye a ƙarƙashin sit. Ranar faci sai ka miƙa wa mai facin ka ce ya shimfiɗa kafin ya sa ƙarfe. Zai kalle ka, wataƙila ya yi dariya, amma zai sa.