Wane keke za ka saya a Kumasi idan kwazazzaban hamada ka nufa?

Masu doguwar tafiya da keke a zangunanmu, daga Aboabo zuwa Asawase, sun fara hangen nesa. Wani na maganar kwazazzabon Todra a Maroko, wani kuma hanyar White Rim ta jihar Utah a Amurka, mai kusan kilomita 160, wadda babu ruwan sha a kanta. A irin waɗannan wurare, ranar da hadari ya sauka keke ya fi shan wuya. Yumɓu ya jiƙe ya liƙe wa taya har ta ƙi juyawa, jiƙaƙƙen yashi kuma ya yi ta cin birki da kaca.

Keken Phoenix na iyayenmu akwai ƙarfi da ɗaukar kaya, amma giya ɗaya gare shi, kuma birkinsa ba ya kamawa sosai idan ya jiƙe. Ka bar shi wa kasuwa. Keken gora da kamfanin Booomers ke haɗawa a garin Yonso abin alfahari ne, yana kuma rage jijjiga, sai dai idan ya tsage a daji mai walda ba shi da abin yi masa. Na alminiyam ba nauyi, ba tsatsa, amma waldarsa sai da na'ura ta musamman.

Ni dai zaɓina keken hawan dutse na ƙarfe, irin na shekarun 1990 da ake shigo da su gwanjo, mai taya inci 26. Idan ya karye, duk mai walda zai iya ɗinke maka shi, na Suame Magazine ne ko na bakin hanya a ƙauye. Tayarsa da tif ɗinsa sun fi na inci 29 saurin samuwa a ƙananan garuruwan Afirka. Giyarsa ta ƙasa kuwa za ta haurar da kai tudu da kaya, kuma kayan ba kaɗan ba ne: kowace litar ruwa kilo ɗaya ce. Shi ya sa nake son ƙafar baya mai waya 36.

Idan ka je wurin mai kekuna, kada fenti ya ruɗe ka. Durƙusa ka zura yatsa tsakanin taya da ƙarfen jikin keken. In yatsan bai shige sakayau ba, laka za ta tsayar da kai. Duba inda aka yi walda ko akwai siririn tsagi, ka kwance sandar sirdi ka ga ko tsatsa ta kame ta, ka nemi ramukan ɗaura kariya, wato maɗaukin kaya. Idan mai shago ya ce, "Yallaɓai, wannan bai taɓa faɗuwa ba," ka gode masa, ka ci gaba da dubawa.

Batun birki, mai faifai ya fi kamawa cikin ruwa. Ka ɗauki mai waya, domin wanda ke aiki da mai in ya yoye a hamada sai haƙuri. Mai kama rim ma zai yi, muddin ka riƙe robobin canji da yawa. Batun jaka kuwa, jakunkunan keke na kamfanin Ortlieb ba sa shan ruwa amma da tsada. Jaka mai ƙwari da leda mai kauri a ciki za ta fitar da kai.

Ambaliya kam babu keken da zai tsare ka daga ita. A watan Agusta na 1997, ruwan da aka yi can nesa ya gangaro cikin kwazazzabon Antelope a jihar Arizona ta Amurka ya halaka mutum 11. Don haka kada ka kafa tanti a busasshen rafi, ko da sama garau take.

Kafin ka sayi tikitin ko'ina, ɗora wa keken lita 10 na ruwa a cikin damina, ka gangara Abono bakin tafkin Bosomtwe ka hauro. Abin da ya yi ƙara ko ya saki, ka gyara shi tun a Kumasi.