Tukunya, Na'ura ko Dafaffen Kamfani: Me Za Ki Saya don Fara Ba Jariri Abinci Irin na Koriya?

A Koriya ta Kudu, abincin da ake fara ba jariri ana kiransa iyusik, kuma tushensa shinkafa ce. Da yaro ya kai wata 6, wasu iyayen kan fara kaɗan kafin nan, sai a dama masa kunun shinkafa mai ruwa-ruwa: awo 1 na jiƙaƙƙiyar shinkafa, awo 10 na ruwa. Daga wata 7 zuwa 8 ruwan yana raguwa, kunun yana kauri. Wajen wata 9 zuwa 11 ya koma shinkafa mai laushi sosai, bayan shekara kuma yaro ya doshi abincin gida. Sabon abu ɗaya ake ƙarawa, a jira kamar kwana 3 a ga ko jikinsa ya karɓa. Ba gishiri, ba zuma, sai ya cika shekara.

Kafin ki fitar da kuɗi, ki san cewa abin da ya bambanta tsarin nan ba na'ura ba ne. Naman shanu ne. Likitocin yara a Koriya suna nanata a fara ba da jan nama maras kitse tun wata 6, kaɗan-kaɗan kullum, domin sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da jariri ya zo da shi daga ciki yana ƙarewa a daidai wannan lokaci. Duk kayan da za ki saya, tambayar ita ce: zai sauƙaƙa miki shirya shinkafa, nama da ganye kullum?

Hanya mafi arha ita ce ƙaramar tukunya, ƙaramin sikeli mai auna giram, rariya da blanda. Iyaye mata da yawa a Koriya sukan ƙara da garin shinkafa na jarirai, wanda ake sayarwa a matakai, daga mai laushi kamar fulawa zuwa mai ɗan tsaki-tsaki. Matsalar tukunya ɗaya ce, sai kin tsaya kina juyawa, in kin ɗan juya baya ya kama. Amma ke ce kike iko da kaurin, kuma a nan darasin yake, domin yaro yana koyon tauna ne ta hanyar ƙara kauri sannu a hankali. Ni da tukunyar zan fara.

Na'urar da ke turarawa ta kuma markaɗa a mazubi ɗaya, irin Béaba Babycook ko Baby Brezza, tana da daɗin aiki a watannin farko. Sai dai ranarta gajeriya ce. Da yaro ya kai matakin da ake so ya ji ƙwayar shinkafa a baki, markaɗen ya rage amfani, ga wankin wuƙa da murfi kullum. Idan kuɗin na'ura ɗaya kike da shi, gara ƙaramar tukunyar lantarki ta dafa shinkafa mai maɓallin kunu, irin ta Cuckoo ko Cuchen, wadda gida zai ci gaba da mora bayan yaye.

Abin da ya fi tashe a 'yan shekarun nan shi ne raba abincin. Kunun shinkafa daban, sannan nama, kabewa, kabeji, burokoli ko dankali, kowanne a dafa shi kaɗai, a markaɗa, a zuba a faranti mai gurabe irin na ƙanƙara, a daskarar. Lokacin ci sai a ciro dunƙule biyu ko uku a ɗumama, a ɗora a kan kunun ko a ajiye a gefe. Yaro yana sanin ɗanɗanon kowane abu, ke kuma in wani abu ya fito masa da ƙuraje kin san mai laifin. Wajen saye ki nemi faranti na roba mai laushi da murfi, mai gurbin mililita 15 don farawa, da na 30 don gaba. Yawanci ba a barin dunƙulen ya wuce mako 2 a firiza. Amma fa tsarin nan an gina shi ne a kan wutar da ba ta ɗaukewa. Inda firiza ke narkewa ta sake daskarewa, kada ki kusance shi da naman jariri; ki dafa na yini ɗaya kawai.

Sai dafaffen kamfani. Kamfanoni irin su Bebecook suna kai abinci mai sanyi har ƙofar gida, an rubuta matakin watanni a jikin kowane mazubi. Akwai kuma na leda da ba ya buƙatar firij, kamar Mamma Meal na kamfanin Maeil, wanda ya dace da tafiya ko ranar asibiti. Tsada ce aibinsu na farko, musamman idan yaro ya kai cin sau 3 a rana. Ki duba alamar HACCP (shaidar bin ƙa'idar tsabta wajen sarrafa abinci), ranar da aka yi shi, da yawan naman da ke ciki, domin sunan nama a jikin mazubi ba ya nufin yana da yawa.

Ga Musulma mazauniyar Koriya akwai wani abin lura. Naman da ke cikin irin waɗannan abinci galibi ba yankan halal ba ne, har da hanwoo, naman shanun ƙasar da iyaye ke ji da shi. Mafita ita ce ki sayi na shinkafa da ganye zalla, bayan kin karanta jikinsa kin tabbatar ba a dafa shi da romon nama ba, sannan ki sayo namanki a shagunan halal irin na unguwar Itaewon, kusa da babban masallacin Seoul, ki yi dunƙulensa da kanki ki riƙa haɗawa.