Kau da kai ko fuskantar wanda ya ɓata maka rai?

Idan ɗan'uwa ya ɓata maka rai, Littafi Mai Tsarki ya nuna hanya biyu, kuma kowacce da irin laifin da ta dace da shi.

Ta farko ita ce kau da kai, wadda Karin Magana 19:11 ya yaba. Ta ƙananan abubuwa ce: baƙar magana cikin gajiya, ko gaisuwar da aka manta. Ka yafe tsakaninka da Allah, ka rufe zancen. Matsalarta, baki ya yi shiru amma zuciya tana lissafi. Gwada kanka bayan mako guda: in jin sunansa yana sa ranka ya ɓaci, ko kana sauya hanya a ƙofar coci don kada ku haɗu, binnewa ka yi, ba yafewa ba. Tushen ɗacin da Ibraniyawa 12:15 ya yi gargaɗi a kansa ke nan.

Ta biyu, Matiyu 18:15-17 ya tsara ta daki-daki: ku biyu kaɗai tukuna, in ya ƙi ji ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, sannan ikilisiya, wato jama'ar coci. A matakin farko aka fi tuntuɓe, domin sau da yawa mutum biyar sun ji labarin kafin mai laifin. Ka faɗi abu ɗaya takamaimai, ban da tono na bara.

Cin amana da laifin da ake maimaitawa na hanya ta biyu ne. In akwai duka ko barazana kuwa, kada ka je kai kaɗai; kana iya yafewa daga nesa.