Katin inshorar lafiya a hannun mai cutar MS

Ni ma'aikaciyar gwamnatin tarayya ce a Katsina, kuma shekara uku ke nan da likitan jijiyoyi a Kano ya tabbatar mini da cutar MS, wadda a cikinta garkuwar jiki ke juyowa tana cin rufin da ke lulluɓe da jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka. Bayanina ya shafi kamfanin inshorar da ke riƙe da katina ne, kuma zan sakaya sunansa.

A kan ƙananan larurori ba ni da ƙorafi. Idan zazzaɓin cizon sauro ne ko gwajin jini, nakan ga likita ba tare da jinkiri ba, in biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani, in kama gabana.

Wahalar tana wajen lambar izini, wadda sai kamfanin ya turo ta kafin asibiti ya yi wa mutum wani babban aiki. A bazarar da ta wuce, lokacin da zafi ke ƙara tsananta alamomin wannan cuta, na wayi gari ƙafata ta hagu ta yi nauyi, idona na dama kuma ya dushe. Likita ya rubuta hoton MRI da ƙarin ruwan methylprednisolone, giram 1 a kullum har kwana 5. Yini biyu na yi a kan benci da sandata, jami'in teburin inshora yana leƙa wayarsa yana cewa, "Hajiya, a ƙara haƙuri, lambar ba ta fito ba," alhali tun a watan Afrilun 2025 hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ta umurci kamfanonin inshora su riƙa bayar da ita cikin awa ɗaya. Da ta fito, rabin kuɗin hoton suka ɗauka, wanda aƙalla haka tsarin ya tanada.

Rituximab kuwa, wanda ake ƙara mini duk wata 6 domin rage dawowar ciwon, sun ƙi shi ƙememe, suka ce ba ya cikin tsarina, ko da yake Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka shi a jerin muhimman magungunan MS tun 2023. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ba su taɓa rubuta ƙin a takarda ba. A waya ake faɗa, kuma kowane kira da sabuwar murya, sai in sake labarin daga farko.

Daga nan bashi ya shigo. Na sayar da awarwarona na zinariya, na karɓi rance daga ƙungiyar ma'aikatan ofishinmu ana cirewa a albashi, kuma mai kemis ɗin unguwarmu, Allah ya saka masa, ya buɗe mini shafi a littafinsa. Rasiɗai duk suna cikin wani gwangwanin biskit, kuma su ne suka yi mini rana da na kai ƙorafi a rubuce ofishin hukumar NHIA, domin an mayar mini da kuɗin ƙarin ruwan da na biya da kaina a ranakun jiran lamba.

Ba zan jefar da katin ba, amma ba na shawartar mai irin larurata ya jingina da wannan kamfani. Rituximab na gaba saura wata biyu, kuma na riga na roƙi uwar adashinmu ta matso mini da kwasata zuwa lokacin.