Zari-ruga: All Blacks ko Springboks, kuma wane ɗan wasa ya fi kowa?

Ɗan'uwa, tambaya biyu ka haɗa a wuri guda: wace ƙasa ce ta fi ƙarfi a ƙwallon zari-ruga, kuma wane ɗan wasa ne za a ce ba a yi kamarsa ba. Ka ce a Kofin Duniya na 2023 ka fara kallon wasan, don haka kana ganin Afirka ta Kudu ce a gaba. Ban ga laifinka ba. Sai dai amsar ta dogara ne da mudun da aka ɗauko.

Idan kofi ake ƙirgawa, magana ta ƙare. Springboks na Afirka ta Kudu sun ɗauka sau 4: 1995, 2007, 2019 da 2023. All Blacks na Niyu Zilan sau 3: 1987, 2011 da 2015. Ostireliya sau 2, Ingila sau 1. Kuma ka tuna ba a bar Afirka ta Kudu ta shiga gasar 1987 da ta 1991 ba saboda mulkin wariyar launin fata, wato a gasa 8 da ta halarta ta tafi da rabi. Ba ta taɓa kaiwa wasan ƙarshe ta faɗi ba.

Yadda suke cin kofin ne ya fi ɗaukar hankalina. A wasan nan, wanda ya kai ƙwallo bayan layin abokan karawa ya dire ta ƙasa yana samun maki 5, bugun fanareti kuma maki 3. To a wasannin ƙarshe huɗu da Springboks suka buga, sau biyu kacal suka dire ƙwallo a bayan layi, kuma duka biyun a 2019 ne, ta hannun Makazole Mapimpi da Cheslin Kolbe, ranar da suka doke Ingila 32 da 12 a Yokohama. Sauran ukun da ƙafa da ƙarfin kafaɗa aka ci su. Suna matse ka a turereniya, inda 'yan gaba na ɓangarorin biyu ke haɗa kafaɗa suna ture juna, har ka yi laifi, mai bugu ya zo ya karɓi maki uku, a koma a sake. A 2023 sun fitar da Faransa 29 da 28, Ingila 16 da 15, sannan Niyu Zilan 12 da 11. Maki ɗaya-ɗaya, sati uku a jere. Wasu sun ce sa'a ce, suna nuni da jan katin da aka ba kyaftin ɗin Niyu Zilan, Sam Cane, a wasan ƙarshe tun kafin hutun rabin lokaci. Ni ban yarda ba. Sa'a takan zo sau ɗaya, ba ta yin layi. Wannan dabara ce da Rassie Erasmus, jagoran masu horar da Springboks, ya gina, har da cika benci da manyan ƙarti na gaba, a sako su bayan hutu lokacin da abokan karawa suka fara haki.

Amma ɗauko wani mudun: wasa bayan wasa, shekara bayan shekara. A nan babu mai kama ƙafar All Blacks. Ƙasa ce mai mutum kusan miliyan 5, amma a tarihinta na sama da shekara 100 ta ci wajen kashi uku cikin huɗu na wasanninta. A filin Eden Park da ke Oklan, Faransa ta doke su a 1994, daga nan aka shafe fiye da shekara 30 ba a sake ba. Ailan ta kwashe shekara 111 tana nema kafin ta yi nasara a kansu karon farko a Shikago a 2016, kuma nasarar ce ta katse musu jerin wasanni 18 da suka ci ba tsayawa. Salonsu ma daban ne. Su ƙwallo a hannu suka fi so, da gudu, da miƙa wa na kusa ana tsaka da faɗuwa, har ƙaton da kake zaton turi kawai ya iya sai ka ga ya yi miƙo kamar ɗan baya.

Saboda haka ra'ayina shi ne: in aka ce in zaɓi wadda za ta buga wasa goma ta ci takwas, All Blacks zan ɗauka. In kuwa wasa ɗaya ne na ko-a-mutu-ko-a-yi-rai, Springboks.

Ƙasashen Turai ba sa buƙatar dogon bayani. Ingila ce kaɗai daga cikinsu ta taɓa ɗaga kofin, a Sidni a 2003, lokacin da Jonny Wilkinson ya buga ƙwallo tsakanin turaku da ƙafar dama, shi da yake bahago, ana gab da tashi daga ƙarin lokaci. Faransa ta kai wasan ƙarshe sau uku ta faɗi duka, na 2011 ma da maki ɗaya, 8 da 7. Ailan kuwa tana ba ni tausayi, domin ta samu manyan 'yan wasa irin su Brian O'Driscoll da Johnny Sexton, ta je har gida ta ci Niyu Zilan wasa biyu cikin uku a 2022, amma har yau ba ta wuce zagayen ƙasashe takwas a Kofin Duniya ba.

Batun ɗan wasa ya fi wuya, don mai lamba 7 da mai lamba 11 ba aiki ɗaya suke yi ba. Sunan da za ka fara ji shi ne Jonah Lomu, mai lamba 11 na All Blacks. A 1995, yana ɗan shekara 20, mai tsayi kusan mita biyu da nauyin wajen kilo 120, aka ajiye shi a gefe, wurin da aka saba sa sirara masu gudu. A wasan kusa da na ƙarshe ya dire wa Ingila ƙwallo sau huɗu, a ta farko ma bai kauce wa Mike Catt ba, ta kansa ya bi. Sau 15 ya dire a Kofin Duniya, adadin da Bryan Habana na Afirka ta Kudu ya kamo daga baya. Duk wannan da ciwon ƙoda a jikinsa, kuma ya rasu a 2015 yana da shekara 40. Amma bai taɓa ɗaukar kofin ba, kuma bai taɓa dire wa Springboks ƙwallo ba ko sau ɗaya. A wasan ƙarshe na 1995 a Johannasbag sun yi masa taron dangi, aka tashi 15 da 12, Nelson Mandela ya miƙa wa kyaftin ɗin Springboks, Francois Pienaar, kofi yana sanye da riga mai lamba 6 irin tasa.

Dan Carter na Niyu Zilan shi ne ƙwaƙwalwa. Maki 1,598 ya tara wa ƙasarsa, babu wanda ya kai shi. Rauni ya fitar da shi daga gasar 2011 tana tsakiya, ya jira shekara huɗu ya dawo ya jagoranci cin Ostireliya 34 da 17 a wasan ƙarshe na 2015. A wannan zamanin kuma akwai Antoine Dupont na Faransa, wanda ya bar wasan 'yan 15 na ɗan lokaci ya koma na 'yan 7, ya ciyo wa ƙasarsa zinare a gasar Olamfik ta Faris a 2024.

Ni dai Richie McCaw, tsohon kyaftin ɗin All Blacks mai lamba 7, na zaɓa, kuma na san sabon mai kallo zai yi mamaki, domin aikinsa ba ya fitowa a gajerun bidiyo. Duk inda aka kayar da mai ƙwallo, shi ne na farkon isa, ya sunkuya ya cusa hannu ya ƙwace ta, mutum biyu ko uku na dukansa da kafaɗa. Ya yi wannan a wasa 148, aka ci 131 a cikinsu. A 2011 da karyayyen ƙashi a ƙafa ya ƙarasa gasar, ya ɗaga kofi, ya sake ɗagawa a 2015. Kyaftin ɗaya ne kawai ya maimaita hakan, Siya Kolisi, baƙar fata na farko da ya jagoranci Springboks, wanda ya taso cikin talauci a unguwar Zwide. Kolisi ya fi McCaw nauyin abin da ya ɗauka wa al'ummarsa, wannan ba na musu. A cikin fili kuwa, McCaw na gaba. Wanda nake ganin ya fi kusa da shi a Afirka ta Kudu shi ne Pieter-Steph du Toit, da ya yi kamu 28 a wasan ƙarshen da ka kalla.

In kana son ka auna da idonka, nemi wasan kusa da na ƙarshe na 2015 a filin Twickenham, wanda Niyu Zilan ta ci Afirka ta Kudu 20 da 18 cikin ruwan sama. McCaw da Carter da Habana duk suna ciki. Ka kalle shi sau biyu, a karo na biyu ka bar bin ƙwallo, ka zuba wa mai baƙar riga lamba 7 ido.