Shekara ɗaya da Alienware ta hannu

Da magariba na shigo da kwamfutar gida, na jona ta a falo na danna makunni. Sai tambarin da ke bayan murfin ya kama da shuɗin haske: ƙaton kai, manyan idanu biyu, siririyar haɓa. Umma tana kan darduma tana lazimi, ta juyo ta ƙura masa ido.

"Kai Auta, wannan kuma kan wane aljani ne ka shigo mana da shi?"

Na ce, "Tambarin kamfani ne, Umma."

"To kamfanin ya rasa abin zanawa ne?"

Tun daga ranar, in zan yi aiki kusa da ita sai na shiga manhajar Command Center mai sarrafa fitilunta na kashe fitilar. Abin da ban gaya mata ba, makunnin ma kansa siffar kan nan ce.

Kwamfutar da nake magana a kai ita ce Alienware m15 R6, ƙirar 2021, mai ƙwaƙwalwar Core i7-11800H da katin hoto RTX 3060. Ta hannu na saya, irin waɗanda ake shigowa da su daga waje, kuma duk da haka kuɗin da na ƙirga sun ishi mutum ya hau babur. Sana'ata haɗa bidiyon biki da tallan shaguna, wasa kuma sai dare ya yi. Da hujjar aiki na shawo kan Yaya ya cika mini kuɗin, amma Allah ya sani ƙwallon kwamfuta da wasan yaƙi na Call of Duty ne suka fara kai ni wajen.

Tambayar Umma ce ta sa na bi asalin kan nan. Ashe a 1996 wasu abokai biyu tun na yarinta, Nelson Gonzalez da Alex Aguila, suka fara harhaɗa kwamfutoci a birnin Miami na jihar Florida a Amurka, da ɗan jarin da bai taka kara ya karya ba. A lokacin kusan kowace kwamfuta akwati ce mai launin ƙasa-ƙasa, ta ofis, ba mai kallonta sau biyu. Su kuwa suka nufi masu wasa kaɗai: mutum ya zaɓi kayan cikin da yake so, ya biya, sannan a haɗa masa, a fesa wa akwatin fenti kamar mota. Wannan tsari na biya kafin a haɗa shi ya rufa musu asiri, don ba sai sun tara kaya a sito ba. Sunan kuwa daga son da suke yi wa shirin talabijin na The X-Files ya fito, mai labaran halittun wata duniya. Shi ya sa suka raɗa wa manyan kwamfutocinsu Area-51, sunan sansanin sojan nan na hamadar Nevada da Amurkawa suka daɗe suna raɗe-raɗin ana ɓoye irin waɗannan halittu a cikinsa. Ba aljani ba ne ke nan, amma ban ga alamar bambancin zai gamsar da Umma ba.

A 2006 Dell ya saye kamfanin. A shekarar dai HP ya saye kishiyarsa VoodooPC ta ƙasar Kanada. Yadda ta kaya da su biyun ya ba ni mamaki. Sunan Voodoo ya shuɗe, abin da ya rage daga gare shi sai kalmar Omen da HP ke liƙa wa kwamfutocinsa na wasa. Alienware kuwa ya rayu, ya ma fi da girma, har ya iso hannun irina a Kano. Sai dai ya tashi daga shagon masu aikin hannu ya koma reshen babbar masana'anta. Wasu tsofaffin ma'aikatansa sun fice sun kafa Origin PC a 2009, a nan Miami ɗin. Frank Azor, wanda ya shiga tun farkon tafiyar kuma ya daɗe yana jan ragamarta, ya koma kamfanin AMD mai ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta a 2019. Mai neman tsohon salon nan na haɗa wa mutum tasa shi kaɗai, sai ya dubi irin su Falcon Northwest na jihar Oregon, wanda ya fara tun 1992, ya ma girmi Alienware.

Na kawo wannan ne don kada wani ya sayi irin tawa yana zaton wani gwani ne ya zauna ya ɗaura mata kusoshi ɗaya bayan ɗaya. Dell ce sanye da babbar riga. Kuma ni wannan bai dame ni ba, ya ma yi mini rana. A ƙarƙashinta akwai lambar shaida ta Dell, wadda in ka saka a shafinsu za ka ga kayan da ta fito da su daga masana'anta. Masu gyara kuma sun san cikin Dell kamar yunwar cikinsu.

Wannan sanin ne ya cece ni a makon farko. Kwamfutar tana ta jan ƙafa a wasa, hoto yana tsinkewa, na fara cizon yatsa. Na kai ta wajen wani mai gyara, dattijo, ya kunna ya danna F2 ya shiga saitin farko, ya juyo mini da allon.

"Samari, duba nan. Ba ta gane cajar nan ba. Wa ya ba ka ita?"

"Wanda ya sayar mini ne, Baba. Ya ce tata ce ta asali."

Ya yi dariya ya ɗaga cajar yana auna nauyinta a tafin hannu. Ya ce kwamfutocin Dell suna tantance caja ta wani siririn tsinke da ke tsakiyar bakinta, in ba su gane ta ba sai su rage wa kansu ƙarfi. Tata ta gaskiya wat 240 ce, girmanta ya kusa rabin bulo. Na koma wajen mai shagon, aka yi ta ja-in-ja har maƙwabtansa suka sa baki, ya canza mini. Ina jona ta asalin sai ka ce an kwance doki.

Daga nan ban da abin cewa game da ƙarfinta. Bidiyon kamu da na saba barin tsohuwar kwamfutata tana fitarwa in je in ci abinci in dawo in tarar ba ta kai rabi ba, wannan kafin in gama shan shayi ta kammala. Allonta yana sabunta hoto sau 165 a daƙiƙa, abin da ban ɗauka da muhimmanci ba sai da na koma kan allo na yau da kullum na ji kamar ina gudu cikin taɓo. Na ji daɗin yadda aka mai da ramin caja da na HDMI baya, wayoyi ba sa tare mini hannu. Ma'ajiyar wucin gadinta, wato RAM, ita ma ana iya cirewa a ƙara, ba kamar ƙirar R3 da R4 da suka gabace ta, waɗanda aka liƙe tasu ba, don haka na ɗaga tawa daga gigabait 16 zuwa 32.

Amma duk kwamfutar wasa mai wannan ƙarfi, ko ta wane kamfani ce, dabba ce mai cin wuta, kuma a nan ne zamanmu da nata suke saɓawa. In aka ɗauke wuta ta koma kan batir, sai ta sassauta, don batir ba ya iya ba katin hoto abin da yake nema. Wasa mai nauyi ba caja, ka manta kawai. Sai da na ƙara batir a solar gidanmu kafin na samu natsuwa, kuma wannan kuɗi ne da ban sa a lissafi ba. Ita da cajarta a jaka sun haura kilo uku, kafaɗata ta shaida.

Sai ƙura. Ramukan iskarta masu siffar saƙar zuma suna zuƙar iska da gaske, hunturun Kano kuwa ba ya wasa. Wajen ƙarshen Janairu na ji fankokin suna ihu fiye da kullum. Muka kwance murfin ƙasa ni da Baba mai gyara, sai ga ƙura ta yi dam a bakin ƙarafan sanyaya, ta zama kamar audugar katifa, har ana ɗaga ta da tsinke a dunƙule. Laifina ne, a kan kafet nake ajiye ta. Yanzu tana kan tebur, na ɗaga bayanta da katako, kuma duk wata uku sai an busa ta. A zafin Afrilu kuwa ba na haɗa ta da aiki mai nauyi tsakanin azahar da la'asar.

Sabuwa dai ba zan saya ba, don kaso mai tsoka na kuɗin na sunan ne da fitilu, kuma akwai masu kayan ciki iri ɗaya a ƙasa da haka. Ta hannu mai lafiya, ga wanda yake da tsayayyar wuta da aikin da zai mai da kuɗinsa, zan ce ya saya, bayan ya duba lambar shaidar ya kuma danna F2 a gaban mai shagon. Ɗalibin da rubutu da kallo kawai zai yi, ya bar wa masu ita.

Jiya ɗan Yaya mai shekara tara ya zo ya roƙe ni in mai da kan nan kore, wai ya fi ban tsoro. Na mai da masa. Umma ta leƙo daga ƙofa, ta dube mu, ta ja labule.