Kayan fita daji na 'yan jiyoloji (ilimin duwatsu): mi za ka saya, mi za ka ara

Ƙannena ɗalibai da za ku fita aikin duwatsu a yankin Sakkwato bana, tun da aka liƙa jerin kaya a sashenmu na jiyoloji kuke ta turo min saƙo, bari in amsa gaba ɗaya. Abin da nake gani duk shekara shi ne yaro ya kwashe kuɗinshi a kan kamfas mai tsada sannan ya taho daji da silifas ko kambas ɗin zuwa lacca. Ƙafa da ruwa su ne farko.

Takalmi zaɓi ukku ne. Akwai safti but mai ƙarfe a baki irin na ma'aikatan kamfanin siminti, shi ne daidai in za ku shiga kwarin haƙar dutse na Kalambaina, amma yana da nauyi kuma a ranar Afrilu da zafi ke wuce digiri 40 ƙarfen nan dafa yatsu yake yi, ka yi yini kana hawan tudun Dange da shi sai ka raina kanka. Akwai but ɗin hawan dutse na gwanjo, ni shi nake ba shawara, ka shiga babbar kasuwa ka ɗauki mai rufe idon sawu, ka lanƙwasa tafin da hannu ka duba ko gam ya fara saki, don na gwanjo zafi kan ɓalle mishi tafi a rana guda. Na ukku sabon but mai arha mai ƙyalli, wanga kwalliya ce kawai. Kowanne ka saya, ka sa shi sati biyu kafin tafiya. Ni sabo fil na tafi da shi a zuwana na farko, kwana biyu ƙafa ta yi bororo, da ɗingishi na gama Wurno da Dukamaje.

Guduma kuma kowa ta kamfanin Estwing yake kira, gaskiya tana da kyau, ƙarfe ɗaya ce daga kai har ƙota ba ta kwaɓewa. To amma duwatsunmu na nan, daga Taloka har Gwandu, na shimfiɗa ne masu laushi, laka da yashi da dutsen siminti, don haka mai baki faffaɗa kamar kurfi ta fi mai tsini amfani wajen ɓare shel ɗin Dange, wato dutsen laka mai falle-falle, hawa-hawa ba tare da ka farfasa ƙashi ko kwanson da ke ciki ba. Gudumar magina mai faɗin baki tana yin wanga aiki sarai. Mai tsinin sai ranar da aka kai ku wurin dutse mai tauri irin garanait. Ta kafinta dai kar ka kusance ta, ƙarfenta na iya tsagewa ya faɗa ido.

Kamfas, na kamfanin Brunton ko na Silva? Kar ka sayi ko ɗaya in sashe na ba da aro, ko ku haɗa kuɗi ku biyar ku sayi Silva mai awon karkatar shimfiɗar dutse. Shimfiɗun Sakkwato kusan kwance suke, karkatarsu kaɗan ce ƙwarai zuwa arewa maso yamma, ba kullum za ka ciro kamfas ba. Waya na ba da lambar wurin da kake a taswira ko babu sabis, sai dai caji, ka riƙe fawa banki.

Madubin hannu mai girmama abu sau 10 naka na kanka, ka rataya a wuya da igiya. Asid ɗin HCl mai kashi 10 cikin ɗari a ƙaramar kwalba mai ɗigo, da shi ake gane dutsen siminti, ɗigo ɗaya kan na Kalambaina sai ka ga kumfa, kwalba ɗaya ta ishi rukuni. Littafi mai kwali da fensir, biro yoyo yake a zafi. Ledoji na zuba samfurin dutse, da alƙalamin maka da tef.

Tufafi: malfa ta fi hular hana sallah nesa ba kusa ba, tana rufe wuya da kunne, sai dai ka ɗaura mata zare saboda iska. Riga mai dogon hannu ta auduga mai haske, wando kaki ya fi jins shan iska, safa doguwa saboda ƙarangiya. 'Yan mata, hijabi gajere iya ƙugu da doguwar riga kan wando ya fi abaya, ita ƙaya take tattarawa kuma tana harɗe ƙafa a gangara. In tafiyar ta faɗo cikin hunturu ku ƙara suwaita da takunkumi da man leɓe.

Ruwa kuwa lita ukku ne mafi ƙaranci a yini, gora mai rigar buhu da ake jiƙawa ta fi fiya wata da ke zama shayi kafin azahar, ka jefa ORS biyu a aljihun jaka.